Tagriss: wa ke riƙe da mabuɗin akwatin wasiƙu?

A farkon watan Afrilu na shekarar 2024, hukumomin soja na Yamai suka rushe majalisun ƙananan hukumomi na ƙasa baki ɗaya, suka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Tun daga manyan birane har zuwa ƙananan hukumomin karkara irin su Tagriss, cikin gundumar Dakoro, aka shiga hidimar miƙa ragamar aiki. Duk wanda ya taɓa halartar irin wannan zama ya san yadda yake gudana. A ƙirga kujeru da tebura, a duba mota ko babur, a buɗe littafin kuɗi, a miƙa hatimi da mabuɗan ofishi, kowa ya sa hannu bisa takarda, a yi fatiha a watse. Amma akwai wani mabuɗi da ba ya rataye a ƙusa, ba ya kuma cikin aljihun mai gadi, wanda da wuya a tuna da shi a wannan rana: kalmar sirri ta akwatin wasiƙun intanet, abin da muka saba kira « mot de passe ».

Wani zai ce mi ya haɗa Tagriss da wannan zance? Ƙaramar hukuma ce ta karkara mai mazauni a Soli, gabas da garin Dakoro, a yankin da gonakin gero ke ƙarewa makiyaya ta soma, kuma damuwar mutanenta ba ta wuce ruwan sha da damina da farashin tiya a kasuwa ba. Gaskiya ne. Sai dai tun zaɓen watan Yuli 2004 da ya girka majalisu a ƙananan hukumomi 265 na lokacin, aiki mai yawa ya sauko ƙauye, kuma takardun wannan aiki ba su jiran motar kasuwa yanzu. Jerin sunayen iyalan da za a ba taimakon abinci ko na kuɗi, rahoton majo na gidan likita dangance da yara masu tamowa, takardun kwangilar gina aji ko rijiya, wasiƙun ƙungiyoyi masu zaman kansu da na hukumar ANFICT mai tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi, duk ta wannan akwati suke bi. Hira da gaisuwa sun koma WhatsApp, amma takarda mai hatimi har yanzu imel take nema. Wanda ya riƙe mabuɗin akwatin ya san wa zai samu buhu, ya san ɗan kwangilar da ya yi tayi da nawa ya yi.

Hanyoyi biyu ne ake isa ga akwatin. Ta farko ita ce wadda muka koya a gidajen intanet na Yamai da Maraɗi, bayan SONITEL ta kawo mana intanet a tsakiyar shekarun 1990: mutum ya buɗe shafin Yahoo, ya rubuta adireshi da kalmar sirri, ya karanta, ya rufe, ya biya kuɗin minti talatin ya tafi. Kalmar tana cikin kansa, da ita ya zo da ita ya koma. Ta biyu ita ce a girka wata manhaja cikin kwamfuta ko salula, kamar Outlook, ko Thunderbird, ko Gmail na wayar Android, wadda za ta riƙa zuwa gidan wasiƙun da kanta tana ɗauko saƙo tana kaiwa, tamkar masinja. A wuri irin Tagriss wannan hanya ta biyu ta fi dacewa ƙwarai, domin layin sadarwa zuwa yake yana ɗaukewa: magatakarda na iya rubuta wasiƙunsa da safe ba tare da layi ba, in layi ya samu manhajar ta tura su gaba ɗaya. Amma masinja ba ya shiga gidan wasiƙu sai da mabuɗi. Tambayar da ya kamata a yi ranar da ake girka manhajar ita ce, ina masinjan nan zai riƙa ajiye mabuɗin in ya dawo?

Gero da gari

A lokacin girkawa, ƙarƙashin gurbin rubuta kalmar sirri, akwai wani ɗan akwati da aka rubuta wa « Retenir le mot de passe » ko « Mémoriser le mot de passe ». Sau da yawa ma a cike yake zuwa, kuma ba mai cire alamar, don ba wanda ke son rubuta kalma sau goma a wuni. Daga wannan lokaci kalmar ta bar kan mai ita ta koma cikin na'ura.

Ya kamata mai karatu ya gane bambancin ajiyar gidan wasiƙu da ajiyar manhaja, domin duk matsalar a nan take. Gidan wasiƙu na kirki ba ya ajiye kalmarka yadda ka rubuta ta. Yana niƙa ta da wani lissafi da ba ya komawa baya, kamar yadda ba a maido da ƙwayar gero daga gari, sa'an nan ya ajiye garin. Duk sa'ad da ka kawo kalma sai ya sake niƙa ta, ya gwada da wanda ke ajiye, in sun yi daidai ya buɗe maka. Ko ɓarawo ya fasa rumbun, gari zai tarar, kuma sai ya sha wahalar gwaji kafin ya gano irin ƙwayar da ta ba da shi. Abin da ya faru ga Yahoo ke nan a 2013, wanda kamfanin bai bayyana ba sai a ƙarshen 2016, kuma a watan Oktoba 2017 ya amsa cewa dukan akwatinansa biliyan 3 ne abin ya shafa. Lissafin da aka niƙa kalmomin da shi, MD5, tsoho ne mai rauni, shi ya sa gajerun kalmomi ba su yi wuyar ganowa ba. In aka tuna yawan ma'aikatanmu da ke da adireshi mai ƙarewa da yahoo.fr, to duk wanda bai canza kalmarsa ba tun wancan zamani bai kamata ya kai gobe ba.

Manhaja ba ta da wannan gata na niƙa. Ita ƙwayar geron ake tambayarta a ƙofa kowane 'yan mintoci, saboda haka tilas ta ajiye kalmar ta yadda za ta iya fiddo ta cikakkiya. Tana iya saka ta cikin adaka ta kulle, amma dole mabuɗin adakar ya kasance kusa, in ba haka ba ita kanta ba ta iya buɗewa. Thunderbird, alal misali, yana ɓoye kalmomin cikin wani fayil mai suna logins.json, mabuɗin kwance su kuma yana cikin wani mai suna key4.db, dukansu biyu a ɗaki ɗaya cikin kwamfutar. Wanda ya kwafe su a kile USB, aikin da bai kai minti ɗaya ba, ya tafi da adaka da mabuɗinta. Ba ma sai ya wahalar da kansa haka ba. In kwamfutar ba ta da wani makulli, ya shiga « Paramètres », ya zaɓi « Vie privée et sécurité », ya taɓa « Mots de passe enregistrés » sa'an nan « Afficher les mots de passe », ga kalmar nan baro-baro. Taurarin nan da ke rufe haruffa lokacin rubutu labule ne kawai don idon na kusa.

Outlook na gargajiya ya ɗan bambanta: yana ba Windows ajiyar, Windows kuma ya ɗaure ta da makullin shiga na mai amfani da na'urar. Dabara ce mai kyau in makullin na nan. Amma a ofisoshinmu nawa ne kwamfuta ke tambayar wani abu in an kunna ta? Inda ma take tambaya, kalma ɗaya ce kowa ya sani, daga magatakarda har ɗalibin da ya zo koyon aiki na wata biyu. Shi kuwa sabon Outlook da Microsoft ya fito da shi a 2023, 'yan jaridar gidan Heise na Jamus sun nuna a watan Nuwamba na shekarar cewa in an haɗa shi da akwatin wani gida na daban, yana aika bayanan shiga zuwa na'urorin Microsoft domin su riƙa ɗauko wasiƙun daga can. Wato ajiyar ta ƙetare teku, mai akwati na tsammanin tana bisa teburinsa.

Hannun da na'ura ke bi

Tunda haka ne, kalmar da aka ba na'ura ajiya ta zama ta duk wanda na'urar ta shiga hannunsa. To a ƙirga hannuwan. Kwamfutar ƙaramar hukuma ko ta gidan likita a karkara ba ta mutum ɗaya ba ce. Ita ce ta buga takardar haihuwa, ita ce ta rubuta jawabi, wani lokaci ita ce ta kallon fim da dare in batirin sola bai mutu ba. Ƙura da zafi na kashe ta, sai a ɗora ta a mota zuwa Dakoro ko Maraɗi wurin mai gyara, ta yi mako a shago. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mai gyara dole ya kunna ta ya shiga ko'ina. Mafi yawansu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma shago ba mutum ɗaya ke zama cikinsa ba. Akwai kuma na'urorin da wani shiri na taimako ya kawo, in shirin ya ƙare a mayar da su ko a raba su, da duk abin da ke cikinsu.

Akwai kuma ɓarawon da ba ya buƙatar zuwa Soli. Wasu ƙwayoyin cutar kwamfuta an ƙera su ne musamman don kwashe kalmomin da manhajojin wasiƙu da na yawon intanet suka ajiye. Emotet, wanda 'yan sandan ƙasashe da dama ƙarƙashin Europol suka tarwatsa a watan Janairu 2021 kafin ya sake ɓullowa a ƙarshen shekarar, yana ɗauke da wani ɗan kayan aiki da ba shi da wata sana'a sai wannan. Agent Tesla, da ke yawo tun 2014, yakan zo cikin wasiƙa da siffar takardar neman biya ko ta odar kaya. Da an buɗe ta sai ya tattara kalmomin ya aika wa ubangidansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangonmu ya daɗe da tsagewa: Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, na Windows 10 kuma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025.

Mi ɓarawo ke yi da akwatin ƙaramar hukuma? Mai wayo ba ya canza kalmar, ba ya share komi. Yana zaune shiru yana karatu, wataƙila ya kafa wata 'yar doka cikin akwatin da za ta riƙa tura masa kwafin kowane saƙo. Ranar da ya ga ana shirin biyan ɗan kwangila, ko wata ƙungiya za ta turo kuɗin wani aiki, sai ya shiga tsakiyar zancen da adireshin da kowa ya sani, da irin gaisuwar da aka saba, ya ce an canza lambar asusun banki, ga sabuwa. Hukumar FBI ta Amurka ta ƙiyasta asarar da aka kai mata ƙara a kan wannan nau'in zamba kaɗai da dala biliyan 2.9 a shekarar 2023. Namu kuɗin bai kai nan ba, amma kuɗin rijiya ɗaya da ya ɓace a Tagriss ya fi ciwo. Ban da kuɗi akwai suna. Dokar yaƙi da laifuffukan intanet mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba, amma gyaran da aka yi mata a watan Yuni 2024 ya maido da hukuncin ɗauri ga zagi da ɓata suna ta hanyar na'ura. In saƙon zagi ya fita da adireshinka, kai za a fara kira, kai ne kuma za ka nemi hanyar nuna cewa wani ne ya ari bakinka. Jerin sunayen mabukata da na marasa lafiya kuwa suna ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane, wadda aka fara yi a 2017 tare da kafa hukumar HAPDP, aka sabunta ta a Disamba 2022, kuma tana ɗora alhakin tsaronsu bisa wanda ke riƙe da su.

Kwaɗo na biyu

Maganin farko ba ya cin ko dala ɗaya. A shafin nan na Thunderbird da muka ambata akwai wani gurbi, « Utiliser un mot de passe principal ». In an cika shi, mabuɗin adakar ya daina kwana kusa da adaka: ana kulle shi da wata babbar kalma wadda ba a rubuta ta ko'ina cikin na'urar ba. Manhajar za ta tambaye ta sau ɗaya duk lokacin da aka buɗe ta, shi ke nan. Wanda ya kwafe fayilolin nan biyu sai ya zauna gwaji, in kalmar doguwa ce kuma gwajin ya fi ƙarfinsa. In an manta da ita ba a rasa wasiƙu, ajiyayyun kalmomin ne kaɗai ke gogewa, sai a sake rubuta su. Abin mamaki shi ne wannan gurbi na nan cikin Thunderbird tun da daɗewa, amma da wuya ka ga mai girkawa ya nuna wa mai na'ura shi, wataƙila don gudun a riƙa kiransa da dare ana cewa an manta.

Kada dai a ɗora wa wannan kwaɗo abin da ba nasa ba. Kalmomi yake tsarewa, wasiƙun da aka riga aka sauke suna nan cikin na'urar a buɗe ga mai iya nema. Tsaronsu sai an raba ɗakuna: kowane ma'aikaci da nasa sunan shiga Windows da nasa makulli, a kuma kulle allo in za a fita salla ko cin abinci, abin da maɓallin Windows haɗe da harafin L ke yi cikin ƙiftawar ido. Kwamfutar tafi-da-gidanka da ke yawo tsakanin Soli da Dakoro ta cancanci a kulle faifanta gaba ɗaya da BitLocker in tana da shi, domin ba tare da haka ba, ɓarawo na iya cire faifan ya karanta shi a wata na'ura. Kafin a kai gyara kuwa, in na'urar na kunnuwa a share ajiyayyun kalmomin. In ba ta kunnuwa a canza kalmar akwatin daga wata wayar tun motar ba ta tashi ba.

Manyan gidajen wasiƙu su ma sun gaji da wannan sata, suka canza tsarin ƙofa. Yahoo a Oktoba 2020, Google ranar 30 ga Mayu 2022, Microsoft ga masu Hotmail da Outlook.com ranar 16 ga Satumba 2024, kowannensu ya daina karɓar kalmar sirri tsagwaronta daga manhajoji. Ma'aikata da yawa sun ga alamar haka ba tare da sanin dalili ba: wata safiya tsohon Outlook ya dinga cewa kalma ba daidai ba ce alhali daidai take. Sabon tsarin, mai suna OAuth2, ya yi kama da takardar izinin shiga. Lokacin girkawa wata taga ta gidan wasiƙun da kansa ke buɗewa, a can ake rubuta kalmar, gidan kuma ya ba manhajar takardar izini wadda ita za ta ajiye. Manhajar ba ta taɓa ganin kalmar ba. In kwamfuta ta ɓace, mai akwati ya shiga shafin tsaro na asusunsa daga wata na'ura ya soke izinin waccan. Duk inda aka ba da zaɓi a gurbin « Méthode d'authentification », wannan ne abin ɗauka. Takardar izinin ma ana sace ta, kuma a adakar nan ɗaya Thunderbird ke ajiye ta, don haka ba ta ɗauke wa kowa kwaɗo na biyu ba.

Ga tsofaffin manhajoji da injinan kwafi masu aika imel, waɗanda ba su san sabon tsari ba, Google na ba da abin da ya kira « mot de passe d'application »: haruffa 16 da ake nunawa sau ɗaya, a zuba su cikin na'ura ɗaya, a soke su ranar da aka ga dama. Amfaninsu shi ne kalmar asali ba ta shiga na'urar. Haɗarinsu shi ne suna buɗe akwatin ba tare da wata tambaya ta biyu ba; a watan Yuni 2025 Google da cibiyar Citizen Lab ta jami'ar Toronto sun bayyana yadda wasu masu kutse suka yi makonni suna lallashin wani masani ɗan Ingila har ya ƙirƙiri irin waɗannan haruffa ya aika masu da hannunsa. Ba a aika su ga kowa, ko da wa ya ce shi ne. A duba kuma cewa gurbin tsaron layi na cewa SSL/TLS, da lamba 993 ga IMAP ko 995 ga POP, da 465 ga aikawa, ko 587 in gurbin na cewa STARTTLS. Tsofaffin lambobi 110 da 143 in ba a haɗa su da kulli ba suna tura kalmar tsirara bisa hanya.

Wayar aljihu

Mafi yawan mutanen Tagriss da ke da adireshin imel ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba, wasu ma ba su san suna da shi ba. Ranar da aka sayi wayar Android, yaron shago ne ke buɗe asusun Gmail domin a samu sauke WhatsApp. Shi ke zaɓen suna, shi ke zaɓen kalma, kuma don kada ya wahala yakan sa lambar wayar mai saye, ko sunansa da shekarar haihuwa. A ƙasar da dubban mutane ke ɗauke da takardar « né vers » wadda ta mayar da ranar haihuwarsu 1 ga Janairu, kalmar da aka gina bisa ranar haihuwa ba sirri ba ce. Wani yaron ma lambarsa yake sawa a matsayin lambar ceto, wato wadda za a aika wa saƙo in an manta kalma. Ba da mugun nufi ba ne galibi, amma sakamakon ɗaya ne: akwatin malamin lakwal ko na shugaban ƙungiyar makiyaya yana hannun wani da ke Maraɗi, ko ya tafi ci-rani Libiya. Kuma wannan akwati shi ne uwar sauran mabuɗai, domin ta nan ake sabunta kalmar Facebook, nan lambobin waya da ajiyar hirar WhatsApp ke kwana.

Manhajar Gmail ta waya takardar izini take riƙewa, ba ta sake tambayar komi. Makullinta kaɗai shi ne na allon wayar. Wayar da ba ta da lambar kulle allo, aka bar ta wurin mai caji ranar kasuwa cikin wayoyi hamsin, akwati ne da aka bari a buɗe tsakiyar kasuwa.

Tabbatarwa ta mataki biyu, wato kalma haɗe da wata lamba mai zuwa ta waya, ita ce ke hana wanda ya saci kalma daga nesa shiga. Mutanen karkara na gudunta da hujja mai ƙarfi: saƙon SMS ba ya zuwa inda babu layi, kuma ba kowa ke son hawa tudu don ya buɗe wasiƙa ba. Amma akwai manhajoji irin su Google Authenticator da ke fitar da lamba shida kowane daƙiƙa 30 ba tare da layi ba, muddin agogon wayar daidai yake. Google na kuma ba da lambobin ajiya guda 10 da ake bugawa bisa takarda, kowace a yi aiki da ita sau ɗaya. Su ne guzurin ranar da waya ta faɗa rijiya. A kula da layin da aka ba da na ceto, domin kamfanonin waya, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, suna karɓe lambar da ta daɗe ba ta aiki su sayar wa wani, saƙon ceto kuma sabon mai lambar zai samu.

Saura inda mutum zai ajiye kalmar da kansa. An daɗe ana tsoratar da mu cewa kada a rubuta ta bisa takarda, a kuma canza ta kowane wata uku. Masana sun janye rabin wannan magana: hukumar NIST ta Amurka tun 2017, da CNIL ta Faransa a 2022, sun bar shawarar canji na dole ga talakan mai amfani, suka koma ga tsawo, domin wanda aka tilasta wa canji lamba ɗaya kawai yake ƙarawa a ƙarshe. Kalmomin Hausa biyar ko shida da ba su da dangantaka da juna sun fi gajeruwar kalma mai cike da alamomi ƙarfi, sun kuma fi ta sauƙin riƙewa. Kada su zama karin magana ko aya da kowa ya haddace. A guji haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, domin allon rubutu na AZERTY da ke ofisoshinmu bai san su ba, kuma ranar da ake gaggawa ne za a rasa su. Dangance da takarda, a ganina littafi cikin adaka mai kwaɗo ya fi fayil mai suna « mots de passe » bisa allon kwamfuta nesa ba kusa ba, ya kuma fi saƙon WhatsApp da mutum ya tura wa kansa ko abokin aikinsa. Ɓarawon intanet ba ya buɗe adaka. Wanda ke da kalmomi da yawa yana iya amfani da KeePass, manhaja ta kyauta mai aiki ba tare da layi ba, wadda ke kulle su duka da babbar kalma ɗaya, da sharaɗin a ajiye kwafin fayil ɗinta a wani wuri na daban.

Ga ma'aikata kuwa gyaran na tsari ne. Muddin wasiƙun hukuma na zuwa adireshin da wani ya buɗe da sunansa tun yana ɗalibi, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki tarihin ofishin zai bi shi cikin aljihu, kuma ba wanda zai iya tilasta masa ya ba da mabuɗin akwatin da ke ɗauke da hotunan iyalinsa. Adireshin ofishi ya zama da sunan ofishi, lambar cetonsa ta zama layin da aka yi wa rajista domin ofishi, kalmar da lambobin ajiya 10 su kwana cikin ambulan da aka liƙe aka buga wa hatimi, a wurin da ake ajiye littafin kuɗi. Mai girkawa ya juya baya mai ofishi ya rubuta kalmar da hannunsa. In ya riga ya ji ta, a canza bayan tafiyarsa. Ranar miƙa aiki kuma a ƙara layi ɗaya cikin takardar da ake sa wa hannu. Sabon mai ofishi ya fara da lambar ceto da adireshin ceto, domin in ya canza kalma ya bar su, tsohon mai riƙo na iya maido da akwatin hannunsa cikin minti biyar. Bayan su ya canza kalmar, ya duba jerin na'urorin da ke da izini ya sallami waɗanda bai sani ba, ya leƙa ko akwai dokar tura kwafi da wani ya kafa. Google da Yahoo ba su da ofishi a Dakoro ko Maraɗi ko Yamai inda kantoma zai je da takardar naɗinsa ya ce a buɗe masa. Na'ura ce ke yin tambayoyin ceto, kuma lambar da aka ba ta tun farko kaɗai take kira.